Rini daga fumfunar ƙasa: abubuwan da ya kamata ka sani

Duk wanda ya taɓa manta sauran tuwo a kwano a tsakiyar damina ya san abin da zai tarar bayan kwana uku. Wani gashi-gashi ne zai rufe shi, nan fari, can kore, can kuma baƙi ƙirin. Idan totuwar masara ce aka gasa aka yar a bayan gida, sai ka ga ta yi ruwan goro mai haske kamar an barbaɗa mata hoda. Mu a wurinmu magana ta ƙare: abu ya yi fumfuna, a zubar. Amma launin nan sinadari ne da halittar take haɗawa a jikinta, kuma yau akwai masana da kamfanoni da sana'arsu ke nan. Suna ɗebo ƙasa, su tsamo fumfunar da ke cikinta, su yi kiwonta a tanki, su tatsi launin su sa a abinci ko su rina yadi. Burinsu a rage dogaro da galura da kalar abinci da ake haɗawa daga kwal da man fetur.

Maganar tana da tushe, sai dai an fi yayata daɗinta fiye da wahalarta.

Wace irin halitta ce fumfuna?

Ba tsiro ba ce, ba kuma dabba ba. Dangi ne mai zaman kansa da masana ke kira fungi, kuma a cikinsa ake lissafa yis ɗin da ke kumbura burodi, da laimar kwaɗi da ke fitowa a juji bayan ruwan sama. Ba ta da koren ganyen da za ta haɗa abinci da hasken rana, don haka sai ta miƙa wasu zaruruwa da suka fi gashi siranta a cikin ƙasa, ta narkar da ruɓaɓɓen ganye da kara da kashin dabbobi ta tsotse. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2017 ya ce nau'o'inta sun kai miliyan 2.2 zuwa miliyan 3.8, alhali waɗanda aka raɗa wa suna ba su wuce kimanin 150,000 ba. Ke nan mafi yawan abin da ke ƙarƙashin ƙafafunmu ba a ma san shi ba tukuna.

Launi a wurin fumfuna garkuwa ne. Baƙin da ake gani a jikin wasu melanin ne, dangin wanda ke fatar jikinmu, yana kare ta daga ƙunar rana da bushewa. Rawaya da ruwan goro sau da yawa karotin ne, irin na karas da manja. Wasu launukan kuwa makamai ne, domin a cikin ƙasa ana kokawar abinci ba dare ba rana, kowace halitta tana fesa abin da zai kori maƙwabciyarta. Daga irin wannan faɗan aka samu penisilin, wanda Alexander Fleming ya lura da shi a Landan a 1928, lokacin da wata fumfuna ta faɗa cikin farantin gwajinsa ta kashe ƙwayoyin bakteriyar da ke kewaye da ita.

A riƙe wannan da kyau: tukunyar da ke dafa launi a jikin fumfuna ita ce ke dafa magani, ita ce kuma ke dafa guba. Duk sarƙaƙiyar batun daga nan ta taso.

Laifin me galura ta yi?

Kafin tsakiyar ƙarni na 19, kusan duk launin da ɗan Adam ya sa a tufa daga tsiro ne, ko ƙwaro, ko dodon koɗi, ko ma'adinin ƙasa. A ƙasar Hausa baba ke ba da shuni, karan dafi ke ba dukawa jan fata, lalle na mata da amare. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake cewa an kafa ta tun 1498, shaida ce da ke nan har gobe. Da Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya rubuta cewa rinannen yadin birnin yana kaiwa har Timbuktu da Tarabulus.

Shekara biyar bayan zuwansa, a 1856, wani ɗalibi ɗan shekara 18 a Landan mai suna William Perkin yana ƙoƙarin haɗa kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, daga sinadaran kwaltar kwal. Maganin bai samu ba. Abin da ya fito wani abu ne baƙi, wanda da ya wanke shi sai ya ba da shunayya mai kama siliki. Galura ta farko ke nan. A 1868 Jamusawa biyu, Graebe da Liebermann, suka haɗa jan alizarin, noman saiwar da ake samunsa daga gare ta ya durƙushe a Faransa. A 1897 kamfanin BASF ya fito da shunin masana'anta kasuwa, kuma kafin a yi shekara ashirin mafi yawan gonakin baba na Indiya sun zama tarihi.

Adalci shi ne a faɗi abin da galura ta kawo. Ta yi arha, ta ba da launuka dubbai, ba ta jiran damina, kuma wanda ka saya bana shi za ka samu baɗi ba bambanci. Talaka ya sa atamfa mai launi bakwai saboda ita. Ba kuma kowace ce ke cutarwa ba.

Amma illar ta bayyana da wuri. Tun 1895 wani likita a Frankfurt, Ludwig Rehn, ya lura cewa ma'aikatan masana'antar galura suna yawan kamuwa da sankarar mafitsara. Fiye da rabin galurar da ake amfani da ita a duniya daga rukunin da ake kira azo take, kuma wasu 'yan rukunin idan suka warware a jiki ko a ruwa suna sakin sinadarai masu haddasa sankara. Jamus ta hana irin waɗannan a tufafi a 1994, Tarayyar Turai ta bi baya a 2002. Sai kuma ruwan da ake zubarwa. Rinin auduga na zamani yana cin gishiri mai yawa, kuma wani kaso na launin ba ya kama yadin, magudana yake bi. Wanda ya san ruwan da ke fitowa daga masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, inda dattin rini ke haɗuwa da na jimar fata, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Masu lambu a bakin waɗannan magudanai da shi suke ban ruwa.

A abinci ma haka. Wani bincike na Jami'ar Southampton a 2007 ya danganta wasu kaloli shida da rashin natsuwa ga yara, kuma daga 2010 doka ta tilasta rubuta gargaɗi a jikin duk abincin da ke ɗauke da su a Tarayyar Turai. A cikinsu akwai tartrazine, mai lamba E102, rawayar da ke cikin lemukan kwalba da alewa da yawa. A Janairun 2025 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta soke izinin wata jar kala da ake kira Red 3. A yankinmu kuwa matsalar ta fi muni, domin akwai masu zuba galurar masana'anta, wadda ba ta ci ba ce sam, a cikin manja don ya yi ja. Hukumar abinci ta Ghana ta gano haka a kasuwanninta a 2015.

Me ya hana a koma ga tsirrai kawai?

Fili da lokaci. Baba da gangamau da karan dafi suna buƙatar gona da ruwa da watanni, kuma ƙarfin launinsu yana bin yanayin shekara. Masana'antun duniya kuwa ɗaruruwan dubban tan na rini suke sha duk shekara. In aka ce a noma wannan duka, gonar hatsi za a ci. Ja mai kyau na halitta da ake sa wa abinci, mai lamba E120, daga wani ƙwaro ake samunsa da ake kiwo a jikin wani tsiro mai ƙaya, galibi a Peru. Sai an tara dubun dubatar ƙwarin kafin a samu rabin kilo, kuma malamai sun yi saɓani a kan halaccin cinsa.

Fumfuna ba ta da waɗannan matsalolin. Tana cika tanki cikin mako guda ko biyu, rani da damina, kuma abincinta shi ne abin da muke zubarwa: ɓawon rogo, dusar shinkafa, dusar alkama, totuwa, ɓawon lemo.

Waɗanda suka riga suka fito kasuwa

Mafi daɗewa ita ce Monascus purpureus. Fiye da shekara dubu ke nan Sinawa suna turara shinkafa, su barbaɗa mata wannan fumfuna, su bar ta har ta yi jawur, su busar su niƙa, su rina kifi da nama da awara da garin. Wani masanin tsirrai ɗan Holan mai suna Went ne ya raɗa mata sunan kimiyya a 1895, daga samfurin da ya samu a tsibirin Java. Manyan launukanta shida ne: rawaya biyu, ruwan goro biyu, ja biyu. Ana cin ta a Sin da Japan da Indonesiya, amma har yau Amurka da Tarayyar Turai ba su amince da ita a matsayin kalar abinci ba, saboda dalilin da za mu zo kansa.

Sai Blakeslea trispora, wadda ake samu a ƙasa da jikin tsirrai a ƙasashe masu zafi. Tana da jinsi biyu, kamar namiji da mace, kuma ba ta ba da launi sosai sai an haɗa su a tanki ɗaya. Daga gare ta ake samun karotin da kuma laikofin, jan da ke cikin tumatir, kuma Turai ta amince da duka biyun.

Misalin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa shi ne na bitamin B2, wanda kalar abinci ce mai rawaya, lamba E101. A da haɗa shi ake yi da sinadarai. Daga 1990 kamfanin BASF, wanda shi ne ya karya kasuwar baba, ya fara samar da shi ta hanyar kiwon wata fumfuna mai suna Ashbya gossypii, wadda asali cutar auduga ce. Bayan 'yan shekaru ya rufe tsohuwar hanyar gaba ɗaya. Ba tausayin muhalli kaɗai ya sa ba, sabuwar hanyar ce ta fi arha. Wannan ya nuna abin mai yiwuwa ne.

Akwai kuma wanda ya tashi ya koma ya zauna. Wani kamfani a Jamhuriyar Cek ya samar da ja mai suna Arpink Red daga Penicillium oxalicum da aka tsamo daga ƙasa. Ya samu izinin wucin gadi a ƙasarsa daga 2004 zuwa 2006, amma bai samu shiga kasuwar Turai ba. A Denmark kuwa, masana na jami'ar fasaha ta ƙasar sun bayyana wani sabon nau'i a 2013, Talaromyces atroroseus, mai ba da ja mai yawa ba tare da gubar da aka sani a danginsa ba. A 2017 kamfanin Chromologics ya fito daga jami'ar don ya mayar da binciken sana'a, kuma ya shafe shekaru yana gwaje-gwajen da hukumomin abinci ke buƙata. A lura da tsawon lokacin.

Yaya ake yi?

Farkon aikin ba wuya. Ana ɗibar cokalin ƙasa daga gindin bishiya ko gona ko juji, a dama a ruwa mai tsabta, a yi ta tsinka shi har ƙwayoyin su rarrabu. Sai a ɗiga a faranti mai ɗauke da wani daskararren kunu na dankalin Turawa da sukari, a rufe, a ajiye a ɗumin digiri 25 zuwa 30. Cikin kwana biyar zuwa bakwai fumfuna iri-iri za su tsiro. Wadda ake nema ita ce wadda launinta ya malala cikin kunun, domin ita ce ke fitar da shi waje, tatsarsa za ta yi sauƙi. Sai a ware ta ita kaɗai, a kai ta babban mazubi, ko cikin ruwan abinci da ake kaɗawa ana hura masa iska, ko a kan hatsi mai laima kamar yadda Sinawa ke yi. Daga ƙarshe a tace, a jawo launin da ruwa ko wani sinadari mai narkarwa, a busar ya zama gari.

Abin sha'awa, fumfuna ɗaya tana iya sauya launi idan aka sauya mata abinci ko tsamin ruwan. Monascus a ruwa mai tsami ta fi ba da ruwan goro da rawaya. Idan tsamin ya ragu kuma ta samu sinadaran furotin, sai ya juye ja. Wannan baiwa ce, kuma ita ce ciwon kan mai masana'anta, domin ɗan kuskure a tanki yana nufin launin yau ya saɓa wa na jiya.

"Na halitta ne" ba ya nufin ba ya kisa

Nan ne ya kamata mai karatu ya fi tsayawa. Mutanenmu suna da saurin yarda da duk abin da aka ce ba na sinadari ba ne. Amma tunya da tururibi ma na halitta ne.

Manomin gyaɗa da masara ya san aflatoksin ko da bai san sunan ba. Guba ce da fumfunar ƙasa mai suna Aspergillus flavus ke fitarwa a hatsin da bai bushe sosai ba, kuma tana lalata hanta har ta kai ga sankara. An gano ta ne bayan ta kashe talotalo kusan 100,000 a Ingila a 1960. A Kenya a 2004, gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125. Dangin Fusarium, waɗanda ke ba da ja da ruwan hoda masu kyan gani a faranti, da yawansu suna fitar da nasu dafin. Ita kanta Monascus, duk da daɗewarta a tukunyar Sinawa, wasu irinta suna fitar da sitrinin, gubar da ke taɓa ƙoda. Dalilin da ya sa Turai da Amurka suka ja baya ke nan.

Ko da irin da ake kiwo mai tsabta ne, wata fumfunar tana iya kutsowa. A Maris na 2024 kamfanin Kobayashi na Japan ya janye wasu ƙwayoyin ƙarin lafiya da aka yi da jar shinkafar nan, bayan ɗaruruwan mutane sun kwanta asibiti da ciwon ƙoda, an kuma ba da rahoton mutuwar wasu. Binciken hukumomin ƙasar ya nuna wata shuɗiyar fumfuna ce ta shiga wurin haɗawa ta zuba gubarta. Wannan a Japan ke nan, ƙasar da aka sani da tsanani wajen tsabtar masana'anta.

Ba wai abin ba shi da mafita ba ne. A cikin nau'i ɗaya akwai iri mai guba, akwai marar guba. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan a kan wannan ta gina Aflasafe: ta zaɓo irin Aspergillus flavus na ƙasarmu da ba sa fitar da guba, ana watsa su a gona su rinjayi masu gubar. Amma ido ba ya bambanta su. Sai an karanta ƙwayoyin gadon fumfunar an tabbatar da ko wace ce, an auna garin da na'ura, an gwada shi a kan dabbobi na tsawon lokaci. Wannan matakin shi ne mai tsada, kuma shi ne wanda bai halatta a tsallake ba.

A kan tufafi fa?

A nan tafiyar ba ta yi nisa ba. Launukan fumfuna sun fi kama ulu da siliki da fata, domin duka daga jikin dabba suke. Auduga, wadda ita ce tufarmu, tana ƙin su sai an jiƙa ta da abin da zai riƙe launin, kamar alimun. Idan kuwa aka koma ga gishirin ƙarafa masu guba don launin ya zauna, an gudu ba a tsira ba. Yadin roba ya fi kowanne taurin kai. Ga rana: jan Monascus yana koɗewa idan ya daɗe a haske, kuma rigar da za a sa a Sakkwato ko Agadas a watan Afrilu ba ta da wurin ɓuya. Shuɗi kuwa, launin da muka fi so a rawani da babbar riga, yana da wuyar samu a dangin fumfuna. Ja da rawaya da ruwan ƙasa ne suka yawaita. Sai farashi. Tanki yana son wutar lantarki ba yankewa, don kaɗawa da hura iska da sanyaya shi, galura kuwa ana sayar da ita a ƙulle a kasuwa da kuɗi kaɗan.

A ganina, inda launin fumfuna zai fara cin nasara shi ne abinci da kayan kwalliya da magunguna, inda ɗan kaɗan ke isa kuma mai saye ke iya biyan ƙari don lafiyarsa. Bayan su sai fata. Rinin yadi na dubban yadudduka zai jira.

Wani abin da bai kamata a manta ba: wasu fumfunan da ke ruɓar da itace suna fitar da sinadaran da ke warware galura su kashe launinta. Ana bincike a kan amfani da su wajen tace ruwan masana'anta kafin a sake shi. Mai yiwuwa ta wannan ƙofar fumfuna za ta fara taimakon kogunanmu, tun kafin ta rina mana riga.

Mu ina muka tsaya?

Kiwon ƙananan halittu ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Marinin da ya zuba baba da toka a rijiyar rini ya jira kwanaki har ruwan ya nuna, ƙwayoyin bakteriya yake jira su narkar masa da shunin ta yadda zai shiga zare. Mai daddawa da mai nono su ma haka. Abin da ya rage shi ne a haɗa wannan gogewa da awo na zamani.

Muna da ƙasa mai zafi da ba a bincika halittunta sosai ba, muna da ɓawon rogo da dusa da ke ruɓewa a banza, muna da majema da marina da dukawa da suka san launi mai kyau da zarar sun gani. Damuwata ita ce kada binciken ɗalibanmu ya riƙa tsayawa a faranti: an samu ja, an ɗauki hoto, an rubuta kundi, an ajiye. Duk wanda ya tsamo fumfuna mai launi, ya tabbatar da sunanta ta ƙwayoyin gado, ya auna ko tana da guba, ya adana irin a inda wani zai same shi, sannan ya kai garin wurin marini ko baduku a rina, a wanke, a shanya a rana wata guda a ga abin da ya rage. Masu ba da kuɗin bincike su ma su biya wannan matakin, kada su tsaya a na farko.

Kai kuma mai karatu, kada labarin nan ya sa ka gwada launin fumfuna a gida, ko a abinci ko a jiki. Abin da ya yi fumfuna a ɗakin girki a zubar da shi, kuma kada a ba kaji ko awaki, domin aflatoksin yana bi ta cikin nono ya dawo kwanon yara.